HUKUNCIN TSOHON MA'AIKACI IN LAUYA YA NEMI SHAIDARSA A KAN UBANGIDANSA NA DA

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke sarari da abin da zukata su ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ta kan faɗo wa ma'aikaci ba zato ba tsammani. Watau mutum ya bar wurin aiki, ya kama wata hidima, har ya fara mantawa da tsohon wurin, kwatsam sai lauya ya buga masa waya yana neman ya faɗi abin da ya sani game da ubangidansa na da.

A ƙaddara wani akawu ne ya yi shekara 7 yana riƙe da littafin albashi a wata masana'anta a Kano, ya kuma bar aikin shekara 3 da suka wuce. Wata rana bayan sallar La'asar wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, sai ya ji muryar da bai sani ba tana cewa: "Salamu alaikum, Malam. Ni lauya ne. Ina tsaya wa wani lebura wanda inji ya cinye wa hannu a masana'antar da ka yi aiki. Masu wurin sun ce ba su taɓa ɗaukarsa aiki ba. An ce kai ke biyan albashi a lokacin. Ko za ka taimaka da abin da ka sani?" Akawun kuwa ya san leburan sarai, don da hannunsa ya riƙa rubuta sunansa a kowane ƙarshen wata.

Nan take abu uku za su taso wa irin wannan mutum. Akwai tsoron kotu da jeka-ka-dawo. Akwai kunyar Alhajin da ya ci arzikinsa, wanda wataƙila shi ya saya masa ragon sunan ɗansa na fari. Akwai kuma ƙullaci, in ya zamana ba a rabu lafiya ba. Tsoro da kunya su kan sa mutum ya ɓoye abin da ya sani, ƙullaci kuwa ya sa ya ƙara abin da bai sani ba. Dukkan biyun Shari'a ta hana.

SHAIDA TA ALLAH CE

Tushen wannan babi shi ne mutum ya san cewa shaidar da ke bakinsa ba mallakarsa ba ce, balle ya yi kyauta da ita ga wanda ya ga dama. A aya ta 2 ta Suratul Ɗalaƙi Allah Ya yi umurni a tsai da shaida domin Shi. A aya ta 135 ta Suratun Nisa'i kuma Ya umurci muminai su zama masu tsayuwa da adalci, masu ba da shaida saboda Allah, ko da a kan kansu ne, ko iyayensu, ko danginsu na kusa. Ayar ba ta tsaya nan ba, sai da ta ambaci mawadaci da matalauci, ta nuna cewa Allah Shi ne Mafi cancanta da lamarin kowannensu, sa'an nan ta yi gargaɗi ga wanda ya karkatar da harshensa da wanda ya kau da kai.

In an hana mutum ya karkata saboda uban da ya haife shi, ina ga ubangidan da ya biya shi ladan aikinsa? In kuma an hana shi karkata saboda talaucin matalauci, to ba shi da ikon ya ƙara ko kalma ɗaya don tausayin leburan. Ba a nemi akawun ya zama ɗan ɓangaren kowa ba. An nemi ya faɗi abin da ya auku.

TABBATARWA KAFIN MAGANA

Sai dai wajibcin faɗin gaskiya ba ya nufin mutum ya zazzage cikinsa ga duk muryar da ta kira shi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta koyar da bincike kafin a yi aiki da labari, don kada a cuci waɗansu mutane cikin rashin sani a koma ana da-na-sani. Malaman tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne a kan Walidu ɗan Uƙbatu, wanda aka aika karɓo zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Da suka fito tarbarsa sai ya tsorata, ya juya, ya kawo labarin sun hana zakka, alhali kuwa ba haka ba ne. Ba wai ana cewa duk lauya abin zargi ne ba. Aikin wakilci a gaban alƙali halal ne, littattafan fiƙihu ma sun ambaci cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a wurin husuma. Abin lura shi ne, wanda ke cikin waya ba a ganin fuskarsa, 'yan damfara kuwa sun yawaita.

Saboda haka abin da ya dace da akawun shi ne ya amsa sallama da mutunci, sa'an nan ya ce: "To, Barista, na ji. Ina son cikakken sunanka da inda ofishinka ya ke, da wanda ka ke tsaya wa, da kotun da shari'ar ta ke, da lambar ƙarar. Ka aiko mini a rubuce, zan neme ka in Allah Ya so." Lauyan gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kowane lauya a Nijeriya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, Ƙungiyar Lauyoyi kuma tana da rassa a manyan garuruwa inda za a iya tambaya. Rigimar ma'aikaci da mai aiki kuwa, tun bayan gyaran Tsarin Mulki na shekarar 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronta, tana kuma da reshe a Kano. Wanda ya nemi lambar asusun banki, ko lambar sirri, ko ya ce a turo kuɗi kafin a kashe magana, wannan ba shaida ya ke nema ba.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin kiran waya da sammaci. Kiran lauya roƙo ne, doka ba ta tilasta wa kowa ya ba da amsa nan take. Sammacin kotu kuwa umurni ne, wanda ya ƙi amsa shi hukuma na iya sa a kawo shi. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu don a natsu a yi shawara ba ɓoye shaida ba ne. Magana zarar bunu ce, musamman a zamanin da a ke iya naɗe muryar mutum bai sani ba. In akawun yana tsoron akwai hannunsa cikin wani laifi, misali an taɓa sa shi ya goge suna a littafi, to ya nemi lauyan kansa tukuna, don lauyan da ya kira shi wakilin wani ne. Marar hali yana iya zuwa ofishin hukumar tarayya mai ba talakawa taimakon lauya, wadda aka kafa a shekarar 1976.

YAUSHE TA KE WAJABA

Malaman Malikiyya sun kasa shaida gida biyu. Akwai ɗaukarta, watau tahammuli, akwai kuma bayar da ita, watau ada'i. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa ɗaukar shaida, in ana bukatarta, faralu kifaya ne, wani ya kan ɗauke wa wani. Bayar da ita kuwa ta kan zama dole a kan wanda ya ɗauka in tsakaninsa da wurin alƙali bai wuce kamar baridi biyu ba, watau mil 24 a ma'aunin malaman fiƙihu. Akawun bai nemi ya zama shaida ba, amma aikinsa ya ɗora masa ita tun ranar da ya fara rubuta sunan leburan.

Hujjar wannan tana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, inda aka hana shaidu su ƙi zuwa in an kira su. Ayar da ke biye da ita ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin mai ɓoyewa ga zuciyarsa. Akwai hikima a cikin ambaton zuciya. Mai ɓoye shaida ba ya aikata komai da hannu ko da baki wanda mutane za su gani, iyakarsa ya yi shiru, ko ya ce ya manta. Laifin a ciki ya ke, inda babu mai gani sai Allah. Don haka wanda ya ce "ban tuna ba" alhali yana tune, ya haɗa ɓoyewa da ƙarya.

Akwai hadisai biyu waɗanda ɗalibi kan zaci sun yi karo. Na farko na Zaidu ɗan Halidu Aljuhani, cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ya yabi mai kawo shaidarsa tun ba a tambaye shi ba. Na biyu na Imrana ɗan Husaini, cikin Buhari da Muslim, ya zargi waɗansu mutane da za su zo suna ba da shaida ba a neme su ba. Malamai sun daidaita su da cewa yabon yana kan wanda ke riƙe da shaidar da mai haƙƙi bai san yana da ita ba, sai ya je ya sanar da shi don kada haƙƙin ya salwanta. Zargin kuwa yana kan masu rawar kai, masu kutsa kai cikin abin da ba su da tabbaci a kansa. Bisa wannan, ko da lauya bai kira ba, in akawun ya ji leburan zai rasa haƙƙinsa don rashin shaida, abin da ya fi shi ne ya aika masa cewa ga shi.

Waccan doguwar aya kuma ta hana a cutar da marubuci ko shaida. Daga nan malamai da yawa suka ce wanda ke tsoron tabbatacciyar cuta a kan ransa yana da uzuri. Amma ɓacin ran Alhaji, da asarar yini ɗaya a kasuwa, da zaman jira a bakin kotu, ba su kai wannan matsayi ba.

IYAKAR ABIN DA ZAI FAƊA

Shaida ba ta wuce sani. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da ilminsa, ta kuma sanar cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Ya kamata akawun ya zauna shi kaɗai ya kasa abin da ke ransa kashi uku: abin da ya gani ko ya yi da hannunsa, abin da aka gaya masa, da abin da ya ke zato. Cewa leburan yana cikin littafin albashi, wannan sani ne. Cewa injin ya daɗe da lalacewa kuma an gaya wa manaja ya ƙi gyarawa, in a bakin masinja ya ji, wannan ji ne, sai ya faɗa a matsayin ji in an tambaye shi. Cewa Alhaji da gangan ya ke danne haƙƙin talakawa, wannan zato ne a kan zuciyar wani, ba shi da wuri a cikin shaida. Dokar Shaida ta Nijeriya ta shekarar 2011 ma, a bisa asali, ba ta karɓar "an ce". Gani ya kori ji.

Akwai wani wuri mai santsi da ya kamata a yi hattara da shi. A shari'o'in da ba na laifi ba, manyan kotuna yanzu su kan nemi a shigar da bayanin mai shaida a rubuce tun kafin zama, ya sa hannu a kansa bisa rantsuwa, in ya zo kotu ya amsa cewa nasa ne. Sau da yawa lauya ne ke tsara rubutun, da Turanci kuma. To duk kalmar da ke cikin takardar nan ta zama ta mai sa hannu, duniya da lahira. Wajibi ne ya karanta ta layi bayan layi, ko ya sa amintacce ya fassara masa. In ya ga an rubuta shekara 5 alhali shi 4 ya sani, ya ce a gyara, ko da lauya ya ce bambancin ba kome ba ne. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya nuna cewa wani ya kan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya bakinsa, guntun wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram.

AMANA DA GIBA

Mai tsoron Allah zai iya tambaya: shin faɗin laifin tsohon ubangida ba giba ba ce, ba kuma cin amana ba ne? Game da giba, Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafa wurare 6 da a ke halatta ambaton mutum da abin da ya ke ƙi, cikinsu har da kai ƙarar zalunci ga mai ikon kawar da shi, da neman fatawa. Daga cikin hujjojinsa akwai labarin Hindu 'yar Utbatu, wadda ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyana ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana ta ba. In an halatta wa mai ƙara, to shaidar da Allah Ya wajabta ta fi cancanta. Sai dai halaccin gwargwadon bukata ne. Abin da ya faɗa a gaban alƙali shaida ce, in ya maimaita shi a majalisar unguwa don a yi dariya ya zama giba.

Game da amana kuwa, lalle ba ta ƙarewa ranar da aiki ya ƙare. Hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa in mutum ya yi magana sa'an nan ya waiga, maganar ta zama amana. Saboda haka sirrin cinikin masana'anta, da sunayen abokan hulɗarta, da abin da akawun ya sani na cikin gidan Alhaji, duk ba su shafi hannun lebura ba, bai halatta ya buɗe su don lauya ya yi masa tambaya a waya ba. Haka nan in akwai takardun wurin aiki a hannunsa, kada ya ƙone su, kada kuma ya miƙa wa kowa a ɓoye, ya bari kotu ta nema ta hanyarta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma amana ba ta zama mayafin zalunci. Ayoyi na 105 zuwa 113 na Suratun Nisa'i sun sauka ne a kan wani mutum daga Banu Ubairiƙ wanda ya saci sulke, aka jingina satar ga wani marar laifi, danginsa kuma suka zo suna wanke shi. Allah Ya tona al'amarin, Ya hana a zama mai jayayya domin kare maha'inta. Hadisin Anas cikin Buhari kuma ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. In akawun yana ƙaunar Alhaji da gaske, gara ya biya leburan a nan da naira, da ya biya shi a ranar da babu abin biya sai lada.

ƘULLACI DA KWAƊAYI

Yanzu sai wanda aka kora ba bisa haƙƙi ba, wanda kiran lauya ya zo masa kamar faɗuwa ta zo daidai da zama. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta gargaɗe shi kada ƙiyayyar waɗansu mutane ta ɗauke shi zuwa rashin adalci. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya ambata a Risala cewa ba a karɓar shaidar abokin husuma, da wanda a ke tuhuma, da mai jawo wa kansa amfani ko mai tunkuɗe wa kansa wata cuta. Malikiyya kuma sun sa ƙiyayya ta duniya cikin abubuwan da ke hana karɓar shaidar mutum a kan maƙiyinsa. Don haka in akwai tsohuwar rigima, ko shi ma yana bin masana'antar kuɗin sallama, ya faɗa wa lauya tun farko, ya faɗa wa alƙali in an tambaya, alƙali ya auna. Nasa haƙƙin kuwa ya bi shi ta ƙofarsa daban.

Kuɗi ma haka. A Muhtasar an nuna cewa wanda bayar da shaida ta wajaba a kansa, in ya ci amfani da ita, adalcinsa ya sami rauni, sai dai abin hawa ga wanda tafiya ta yi wa wuya. Kuɗin mota na gaskiya daban, "ga wannan ka sha ruwa" daban. In kuma kiran daga lauyan Alhaji ya fito, aka yi masa alkawarin a mai da shi aiki ko a biya shi tsohon bashinsa in ya yi shiru, to wannan sayen shaida ne, hukuncinsa ɗaya da na wanda aka saya don ya yi magana.

SHAIDAR ZUR

Abu Bakrata ya ruwaito, cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa mafi girman manyan zunubai, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye yana kishingiɗe. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausaya masa. A duniya ma ba ta tafiya banza. Risala ta kawo maganar almajiran Maliku cewa shaidan da ya janye bayan an yi hukunci, ya kuma amsa cewa zur ya yi, shi zai biya abin da shaidarsa ta lalata. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a shekarar 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai shaidar ƙarya a gaban kotu.

Wanda kuwa ya riga ya yi suɓul da baka a waya, ya ƙara ko ya rage, ƙofa ba ta rufe ba. Ya kira lauyan ya gyara tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Sayyidina Umar ya tunatar da Abu Musa Al'ash'ari a wasiƙarsa ta alƙalanci cewa komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata.

Abin da ya rage ga akawun ke nan. Bayan ya tabbatar da lauya, ya yi shawara, sai ya je ya ce leburan ma'aikacin wurin ne, daga shekara kaza zuwa shekara kaza, albashinsa kaza, shi ya riƙa biyansa. In an tambaye shi yadda injin ya kama hannun, ya ce ba ya wurin. In an tambaye shi halin Alhaji, ya faɗi alherin da ya sani kamar yadda ya faɗi wancan. Mai yiwuwa ne Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa, mai yiwuwa ne kuma lauyan ya so ya ji fiye da haka. Shi dai ya sauke abin da aka ɗora masa.

Allah Ya tsare harsunan Musulmi daga zur, Ya tsare zukatansu daga ɓoye gaskiya, Ya ba masu aiki ikon sauke haƙƙin ma'aikatansu tun suna da rai. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.